"Ba Gajiya": Nauyin da Ɗan Sandan Kwantar da Tarzoma Ke Ɗauke da Shi a Ɓoye

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tambayar "ina gajiya?" amsa ɗaya gare ta. Ko dako mutum ya wuni yana yi a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko daga fadama ya fito da laka har gwiwa, "ba gajiya" zai ce. In aka ƙara masa da "yaya aiki?" ya ce "da godiya". Ladabi ne da muka gada, kuma yana da kyau. Sai dai akwai ma'aikacin da wannan amsa ta wuce gaisuwa a wurinsa, ta zama kamar doka. Ba a gida kaɗai ake sa ran ya ce ba gajiya ba, har gaban ogansa, har gaban likita, har a cikin zuciyarsa.

Mai sammakon fita a unguwar Badariya ba zai rasa ganin irinsa ba. Bayan an fito sallar asuba, yakan tsaya a teburin mai shayi da baƙar riga da wando ruwan ganye, takalmi ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, ido jajur. Mutane su matsa masa a benci, wasu don girmamawa, wasu don tsoro. A gaishe shi da gajiya, ya ce babu. Yana iya yiwuwa daga kwanan shinge ya fito a hanyar Argungu, yana iya yiwuwa makonni ya yi a ƙasar Zuru, jiya da dare mota ta sauke su. Babu mai tambaya, shi ma ba zai faɗa ba.

Wannan shi ne ɗan Mopol, ɗan sandan kwantar da tarzoma. Ana yawan magana a kan abin da yake yi wa jama'a idan ransa ya ɓaci, kuma maganar tana da tushe. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne abin da aikin ke yi masa. Maganganun biyu kuwa tushensu ɗaya.

An ɗauke shi don tarzoma, an tura shi yaƙi

Tun farkon shekarun 1960 aka kafa wannan sashe na rundunar 'yan sandan Najeriya. Manufar a fili take: a ware wasu zaratan maza, a ba su horo na musamman, a ajiye su a bariki. Idan rikici ya fi ƙarfin 'yan sandan caji ofis, a fito da su da garkuwa da kulki da hular kwano da barkonon tsohuwa, su kashe wutar, su koma su huta, su ci gaba da atisaye. An rarraba su runduna-runduna, kowace da lambarta: ta 1 a Kaduna, ta 7 a Sakkwato, ta 9 a Kano, ta 36 a Birnin Kebbi. Dukan tsarin a kan abu ɗaya ya dogara, wato a fito na ɗan lokaci, a koma.

Komawar ce ta yi wuya. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agustan 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 da iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Shekaru da dama tana cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa. Daga baya kiɗa ya canza. A watan Afrilun 2021 'yan bindiga suka kashe DPO na Sakaba tare da 'yan sanda takwas. A ranar 17 ga Yunin shekarar suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai da malamai. A Maris na 2022 aka yi artabu a Kanya cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu lokacin da mataimakin gwamna na wancan zamani, Samaila Yombe Dabai, ke rangadi, sojoji da 'yan sanda suka kwanta dama. Kwanaki kaɗan bayan haka wasu 'yan sanda huɗu suka rasa rayukansu kusa da kamfanin tumatir na Gafara a Ngaski. Ana cikin fama da kudancin jihar, sai ga mayaƙan Lakurawa ta arewa: a Nuwamban 2024 suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, a masarautar Argungu. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma aka sace ɗalibai mata fiye da 20 a makarantar Maga.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, sanarwar hukuma kusan iri ɗaya ce: an tura ƙarin jami'ai. Daga ina ake samo ƙarin? Mutanen dai su ne. Wanda ya tsare filin taron siyasa ranar Asabar shi ne zai bi hanyar Koko zuwa Mahuta ranar Litinin, shi ne za a ɗauka aikin zaɓe a wata jiha, shi ne zai raka ayarin babban mutum. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a wannan yanki, mutum yana cikin rigar sulke. Wanda aka horar don ya tarwatsa masu jifa da dutse ya wayi gari yana fuskantar ayarin babura da manyan bindigogi.

Jiki magayi

Abin da ke faruwa a jikin mutumin da ke cikin wannan hali ba ɓoyayye ba ne a wurin likitoci. Idan haɗari ya tunkaro, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda, su kuma su zubo sinadarai cikin jini. Na farko, adirenalin, shi ke sa zuciya dukan uku-uku, numfashi ya yi sauri, ido ya buɗe. Na biyu, kotisol, shi ke ƙara sukari a jini domin jijiyoyi su sami ƙarfin gudu ko faɗa, ya kuma dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba, kamar narkar da abinci. Rahama ce daga Allah, domin da ita mutum ke tsira daga bakin kura. Amma an yi ta ne don mintoci ko sa'o'i. Idan haɗarin ya wuce, sinadaran su sauka, mutum ya ci abinci, ya yi barci.

Tun a 1936 wani likita mai suna Hans Selye, wanda ya yi aikinsa a Kanada, ya bayyana cewa jikin da aka matsa wa lamba yakan bi matakai uku: firgita, juriya, sannan ƙarewar ƙarfi. Matakin tsakiyar ne mai yaudara, domin mutum yana tafiya, yana sara wa oga, yana cewa ba gajiya, alhali ajiyarsa yake ci. Manomin shinkafa a fadamar Rima ya san misalin wannan a injin ban ruwa. Injin da aka bari yana aiki dare da rana ba a sauya masa baƙin mai ba, ƙararsa ba ta canzawa sosai har ranar da zai buga.

A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta. Sun fara da zumuɗi, bayan shekara guda suka koma kamar an zare musu laka. Ya kwatanta halinsu da wutar da ta cinye makamashinta ta mutu. Christina Maslach da abokiyar aikinta Susan Jackson suka ɗora a kai, har suka yi rubutu a 1979 a kan 'yan sandan da wannan hali ya kama da kuma iyalansu, sannan a 1981 suka fito da ma'aunin da ake gwada shi da shi har yau. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi masa cikakken bayani a kundinta na rarraba cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce matsala ce da ke fitowa daga matsin aikin da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamominsa uku ne. Na farko, gajiyar da barci ba ya warkarwa. Na biyu, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya daina ganin mutane a matsayin mutane. Na uku, ya fara jin cewa duk abin da ya yi ba shi da amfani.

Alama ta biyu ce ta fi shafar mu da ke wajen bariki. Ma'aikacin jinya da ta kama shi yakan daina kiran majinyaci da sunansa, sai dai "mai gado na biyar". Ɗan sandan da ta kama shi yakan daina ganin direba ko ɗan acaba a matsayin uban wasu, sai dai abin da ya tsaya masa a gaba. Bambancin kawai, shi akwai bindiga a kafaɗarsa.

Ga kuma rashin barci. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutanen da aka hana barci da waɗanda aka ba barasa. Suka gano cewa wanda ya yi sa'o'i 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da daidaiton aikinsa sun yi ƙasa kamar na wanda barasar da ke jininsa ta kai iyakar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi a kanta. Babu kwamandan da zai miƙa wa mashayi bindiga ya ce ya tsare taro. Amma mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba, kullum ana miƙa masa. A Amurka, John Violanti, wanda shi kansa tsohon ɗan sanda ne, ya shafe shekaru yana bin lafiyar 'yan sandan birnin Buffalo, bincikensa kuma ya danganta aikin dare da matsin aiki da abubuwan da ke kai mutum ga ciwon zuciya da ciwon suga. Wanda ya ga gawar abokin aikinsa kuwa, akwai wani ciwon na daban da ke iya biyo baya: mafarkin abin da ya faru, zabura idan ƙofa ta buga, gudun duk abin da zai tuna masa.

Abin da ya fi dajin ciwo

Wani abu da binciken ƙasashe daban-daban ya sha nunawa shi ne, ba haɗarin aiki kaɗai ke cinye ɗan sanda ba. Sau da yawa abin da ke fitowa daga cikin gida ya fi yi masa illa: rashin sanin ranar da za a canje shi, ƙarin girman da ya makale, umarnin da ba a tambayar dalilinsa, haƙƙin da ba ya zuwa. Wani masani mai suna Johannes Siegrist ya nuna cewa lafiyar ma'aikaci takan taɓu idan wahalar da yake sha ta rinjayi sakamakon da yake samu, kuma sakamakon ya haɗa da kuɗi da mutunci da tabbacin gobe. Bahaushe bai jira Bature ba kafin ya san cewa ba a ɗora wa jaki kaya a hana shi harawa.

Tarihinmu yana da shaidu. A ranar 2 ga Yulin 2018, 'yan Mopol da aka tura Borno suka fito kan titi a gaban hedikwatar 'yan sanda ta Maiduguri suna harbi sama, suna cewa wata shida ba a biya su alawus ba. Hukuma ta ɗora laifin a kan jinkirin kasafin kuɗi. Masu kwantar da tarzoma ne suka tayar da ita. Kafin nan, a ranar 1 ga Fabrairun 2002, ƙananan 'yan sanda sun yi yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Gwamnatin Obasanjo ta kira abin tawaye, amma wata guda bayan haka aka sauya Sufeto Janar Musiliu Smith da Tafa Balogun. Doka ta hana ɗan sanda shiga ƙungiyar ƙwadago, saboda haka ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa in ba ta ogan da yake kuka da shi ba. Idan tura ta kai bango, sai abin ya fito ta inda ba a so.

Gobensa ma yana kallon ta da idonsa. Ɗan sanda yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a aiki. An cire sojoji da jami'an tsaron farin kaya daga tsarin fanshon karo-karo, aka bar 'yan sanda a ciki, kuma a watan Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja suna kuka da abin da ake ba su. Kurtun da aka tura ya tsare irin wannan taro, kansa yake gani nan da shekara 25. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Matarsa ma tana cikin lissafin. Ita ke riƙe da gida wata da watanni, ita ke amsa wa mai haya da mai shago. Idan ya dawo, mutumin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba: ba ya son hayaniyar yara, abu kaɗan ya hau faɗa, ko ya yi shiru ya ƙura wa bango ido. Maƙwabta su ce aikin ne ya sa masa girman kai. Wasu kuma sukan nemi mafita a ƙwaya, ɗaya don ido ya buɗe a bakin aiki, ɗaya don ya rufe a gida.

Barin aiki ba tare da an ajiye shi ba

A ƙasashen da aiki ke da yawa, wanda ya gaji takarda yake rubutawa. A Portland ta Amurka, bayan an yi fiye da dare 100 a jere ana zanga-zanga a 2020, jami'ai kusan 50 na sashen tunkarar tarzoma suka ajiye wannan aiki gaba ɗayansu a watan Yunin 2021, bayan an gurfanar da ɗaya daga cikinsu. A Faransa kuwa, a Satumban 2017, ɗaruruwan 'yan sandan kwantar da tarzoma suka kai kansu wurin likita a rana ɗaya, saboda taƙaddama kan alawus ɗinsu na fita aiki.

A nan gida, mai iyali ba ya sakin na hannu alhali bai ga na kamawa ba. Don haka wanda ya duba yawan masu ajiye aiki kaɗai zai ɗauka lafiya lau ake. Tafiyar takan bi wasu hanyoyi ne. Wani ya nemi uban gida ya sama masa canji zuwa ofis. Wani ya yi ta kai takardar asibiti. Wani ya tsere daga bakin aiki. Mafi yawa kuwa gangar jiki na nan a layi, zuciya ta daɗe da tafiya.

Hanyar da ta fi kowace daɗi ita ce gadin manya. Wanda ya samu ya riƙe ƙofar gidan mai kuɗi ko ya zauna a gaban motar ɗan siyasa, ya sami inuwa da abinci da ɗan na goro, ya kuma kwana ya san zai tashi. Wa zai zarge shi? Sai dai duk wanda ya fita ta wannan ƙofa, nauyinsa kan waɗanda suka rage yake komawa. Su ƙara kwana a daji, su ƙara gajiya, su ma su fara neman hanya. Sufetoci Janar da dama sun sha ba da umarnin janye 'yan Mopol daga gadin manya. Kayode Egbetokun ya faɗa a 2023, ya maimaita a Afrilun 2025. A ranar 23 ga Nuwamban 2025, kwana shida bayan abin da ya faru a Maga, Shugaba Bola Tinubu da kansa ya ba da umarnin. Yawan maimaita umarnin ya isa ya nuna ƙarfin abin da ke jan mutane can. Muddin daji ya kasance wurin da ake tura mutum a manta da shi, za a ci gaba da neman ƙofar Alhaji.

Asarar ba ta tsaya ga adadi ba. Sajen da ya yi shekara goma ya san wace hanya ce ke yankewa da damina a ƙasar Wasagu, ya san wane mai unguwa ne maganarsa ke da nauyi, ya san yadda ake sanyaya taro da baki kafin a kai ga barkonon tsohuwa. Makarantun horo na Gwoza da Ila-Orangun suna iya koya wa sabon shiga riƙon garkuwa, amma wannan sanin sai an daɗe. In ya tafi, da shi yake tafiya.

A bar kogi ya huta

Kada a fahimci wannan magana a matsayin wanke laifi. Gajiya ba ta halatta marin direba, ba ta halatta karɓar na goro a shinge, balle harbin wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ya yi, a hukunta shi. Amma likitan da ya tsaya ga zafin jiki bai nemi sauron ba, zai daɗe yana ba da magani. Abin lura ne cewa matasan da suka yi zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, cikin buƙatunsu biyar har da ƙara wa 'yan sanda albashi da duba lafiyar ƙwaƙwalwar jami'an SARS da aka rusa sashensu. Waɗanda suka fi kowa jin zafin kulki sun gane inda gizo ke saƙar. Gwamnati ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari a Disambar 2021, sai dai tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ta lashe shi.

Gyaran ba duka ne ke buƙatar biliyoyi ba. Mutumin da za a tura Sakaba ya san ranar tafiya da ranar dawowa, kuma ranar ta tabbata. Alawus ya shiga asusunsa kai tsaye, a kan kari. Wanda ya dawo daga artabu a ba shi kwanaki a gida kafin a sake kiran sunansa. Haƙƙin mamaci ya isa ga matarsa da marayunsa ba tare da sun yi shekaru suna yawo da fayil ba, domin masu rai suna kallo. A samar da wanda jami'i zai yi magana da shi cikin sirri, ba tare da maganar ta koma kunnen oga ta hana shi ƙarin girma ba. Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, ga asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi. Matsalar ita ce a wurinmu duk wanda aka ce ya je Kware an gama da shi. A nan limaman masallatan bariki da fastoci suna da rawar takawa: su gaya wa mutanensu cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma gajiyar rai ba raunin imani ba ce.

Mutanen Argungu sun daɗe da sanin wannan hikima. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, kuma sirrin manyan kifayen da ake fitarwa daga Matan Fada ba ya ga homa ko gora. Yana ga watannin da Sarkin Ruwa ke hana kowa taɓa wurin. Da an bar masunta suna shiga kullum, ranar biki ko tarwaɗa ba za a samu ba. Mun yarda kogi yana buƙatar hutu, mun yarda gona takan gaji har a bar ta ta zama saura. Mutumin da muka miƙa wa bindiga muka ce ya tsaya tsakaninmu da daji, shi kaɗai muke tambaya ina gajiya, mu kuma gamsu da amsar da muka san ladabi ne kawai ya sa ya ba mu.